Babu Gado a Birni

Na'urar da ke rataye saman kan Arvid ta sake ɓarkewa da kuka. Verna ta miƙe zumbur, har jakarta ta zame daga cinya ta zube a ƙasa. Ta leƙa ta ƙofar gilashi. Teburin nas-nas babu kowa, sai kofin kofi da ya daɗe da hucewa, da wayar tarho da ita ma take ta nata kukan ba mai ɗauka.

"Zauna, tsohuwa," in ji Arvid ta cikin robar iskar da aka kifa masa a hanci da baki. "Ba mutuwa nake ba. Abin yatsan nan ne ya sake zamewa."

"Wa ya ce ka dinga soshe-soshe kamar mai ƙazuwa? Kawo hannun."

Ta kama hannun ta mayar masa da ɗan maƙalin a yatsa. Hannun sanyi ƙalau, faratan sun yi duhu. Na'urar ta yi tsit.

Verna Hudema da Arvid Solberg ba dangi ba ne, ba kuma masoya ba, duk da matan coci sun daɗe suna fatan hakan. Shingen katako ne kawai tsakanin gidajensu, a layin ƙarshe na gari, inda kwalta take ƙarewa gonakin alkama su fara. Ita ta tuƙa motar 'yan makaranta har gwiwa ta ce ta gaji, shi kuwa makanikin tarakta ne da ya ajiye sifana. Mijinta ya rasu, matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse birane. Abin da ya rage musu shi ne rigima a kan bishiyar tuffa da take gidansa amma take zubar da 'ya'yanta a nata. Shi ya ce sata take yi. Ita ta ce ladan sharar ganye ne.

Makon da ya wuce ne ciwon ciki da zazzaɓi suka kai shi asibiti. Ya yini a layi, aka ce masa ɓacin ciki ne da ke yawo a gari, ya je ya sha ruwa ya huta. Ya dawo yana tsokanarta wai miyar kabejinta ce ta kusa kashe shi. Sai wata safiya ta ga hantsi ya ɗaga labulen kicin ɗinsa bai motsa ba. Ta ɗauki mabuɗin da ya ba ta ajiya ta shiga. Ta same shi zaune a ƙasa ya jingina da firji, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa, yana kiranta da sunan matarsa.

Ga shi yanzu a sashen kulawa ta musamman, a hawa na biyu. Ɗakuna shida ne a jere, amma biyu daga cikinsu a rufe suke, fitilu a kashe, gadaje a gyare, injina lulluɓe da leda. Babu abin da suka rasa sai mutum.

Jovelyn ta shigo da sauri tana shafa maganin wanke hannu. Gajeruwar mace ce 'yar Filifin, ta fi shekara goma a garin, har ta iya zagin sanyi kamar 'yan gida.

"Yi haƙuri, Mama. Na ji ƙarar, amma mutumin ɗakin can yana neman fizge robar da ke wuyansa."

"Yau ma ke kaɗai ce?"

"Ni da Shauna. Daga ɗakin haihuwa aka aro mana ita. Tana da kirki, sai dai ba ta taɓa riƙe injinan nan ba." Ta duƙa ta ɗaga jakar fitsarin da ke rataye gefen gado, ta dube ta, ta saki. Ɗan abin da ke ciki kamar baƙin shayi. "A ƙa'ida, mara lafiya irin Baba nas guda ake ba shi, ba ta matsawa ko nan da ƙofa. Ni huɗu nake kallo."

Ta jawo Verna gaban allon na'urar.

"Bai kamata in roƙe ki wannan ba, amma idona biyu ne kacal. Kin ga koren layin nan? Zuciyarsa ce, rabu da shi. Jar lambar nan nake so ki riƙe mini. Ƙarfin jininsa ne. In ta sauka ƙasa da sittin da biyar ta ƙi tashi, kada ki jira ƙararrawa. Ki fito ki ƙwala mini kira."

"Kin ji," in ji Arvid. "An ba kura ajiyar..." Tari ya sarƙe shi bai ƙarasa ba.

Tun daga lokacin Verna ba ta ƙara ɗauke ido daga lambar ba. Ta taɓa tuƙa mota cike da yara cikin ƙanƙara, ido ɗaya a hanya ɗaya a madubi, amma ba ta taɓa kallon abu har idonta ya yi yaji haka ba. Saba'in. Sittin da takwas. Saba'in da ɗaya. In ta hau, sai ta ji kamar ita ta tura ta.

Wajen tsakar rana Dakta Naidoo ya hauro daga sashen gaggawa, domin shi ne likitan can, shi ne na nan. Gemunsa ya kwana biyu bai ga reza ba. Ya dubi Verna.

"Ke ce matarsa?"

"Allah ya kiyaye," in ji Arvid. "Ɓarauniyar tuffata ce. Faɗi a gabanta, likita. Ko ka ɓoye sai ta ji."

Likitan ya jawo kujera ya zauna, abin da ya sa gaban Verna ya faɗi.

"Mun gano inda abin yake, Mista Solberg. Tsakuwa ce ta fito daga maɗaciya ta toshe hanya. Ruwan ya taru ya ruɓe, ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Magungunan da muke ɗura maka riƙe ka kawai suke yi. Sai an buɗe hanyar."

"To ka buɗe mana. Ni da bututun mai ne da tuni na busa shi."

"Ba mu da mai yin aikin a nan. Sai birni. Ta baki ake zura siririn tiyo a cire ta, ba wani dogon aiki ba ne. Amma jininka ba zai jure tafiyar mota ba, sai jirgi. Jirgi kuwa ba ya tashi sai an ce ga gado a can."

"Babu gado a duk birnin?" in ji Verna.

"Gadaje suna nan. Masu tsayawa a kansu ne babu." Ya murza idanunsa. "Na sa sunansa. Ina kiran su har sun fara gane muryata."

"Da a ce ranar farko da ya zo aka ɗauki hoton cikin fa?"

Likitan bai kauce wa idonta ba. "Da wataƙila ba ma zaune a nan."

Da ya fita, Verna ta kira Kirsten, 'yar Arvid tilo, can Halifax a bakin teku. Kirsten ta yi ta faɗa a waya, tana kuka tana tambayar wa za ta kira, wa za ta kai ƙara. Ta ce ta samu jirgi, amma sai ta sauka sau biyu, sannan ta yi hayar mota. "Anti Verna, don Allah kada ki bar shi shi kaɗai."

"Ina zan je? Ai ya riƙe mini tukunyata, sai ya tashi ya ba ni."

Washegari da safe lambar tana ta lilo a kan sittin da shida. Jovelyn ta ƙara ƙarfin maganin da ke riƙe jinin har sau biyu. Ƙafafun Arvid sun yi dabbare-dabbare, ba ya ƙarasa magana sai ya huta. Sai ga Dakta Naidoo ya leƙo da waya a kunne, fuskarsa a sake karon farko.

"An samu. Jirgi zai taso da rana."

Verna ta zauna daɓas, ta rufe fuska da tafin hannu. Jovelyn ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta shiga haɗa wayoyi da robobi, tana rubuta sunan kowane magani a jikin tiyonsa.

"Shekara saba'in da biyar ban taɓa hawa jirgin sama ba," in ji Arvid. "Ashe sai na kwanta za a ɗaga ni. Verna, tabarauna. Da haƙorana, suna cikin kofi. Kada in je birni 'yan mata su gan ni baki wayam."

"Ko da haƙoran ba mai kallonka."

Ta naɗe su cikin hankici, ta sa a jakar leda tare da tabarau da matajinsa, ta ɗaure ta ajiye masa a ƙafa. Ta ma kira Kirsten ta ce ta wuce birni kai tsaye.

Ba a jima ba lasifikar da ke rufi ta kira sunan Dakta Naidoo, ta sake kira, sannan ta kira duk nas da ke da hannu a sake ta sauko gaggawa. Jovelyn ta tsaya a ƙofa tana duban Arvid, tana duban matakala.

"Mama, lambar," ta ce, ta ruga.

Daga taga Verna ta hango motar asibiti a ƙasa, da wata motar ɗaukar kaya da ta biyo ta, wani mutum ya fito daga ciki ba hula, rigarsa jina-jina. Ta san shi. Mijin Tessa Brandt ne. Shauna, nas ɗin aro, ita ta kawo labarin: motar dakon alkama ce ta kife da Tessa a kwanar gadar jirgin ƙasa, ta danne mata ƙirji da ƙugu.

Verna ta san Tessa tun tana da kitso biyu, tana zama a kujerar bayan direba saboda mota na sa ta amai. Yanzu 'ya'yanta uku, ƙaramin bai fara tafiya ba.

Sai da aka daɗe Dakta Naidoo ya hauro. Bai zauna ba wannan karon. Ya tsaya a ƙarshen gadon ya dafa ƙarfen da hannu biyu.

"Mista Solberg, jirgin yana hanya. Amma gadon ɗaya ne. Akwai wata a ƙasa da jini ke zuba a cikinta, in ba ta kai ɗakin tiyata yau ba, ba za ta ga yamma ba. Na yi magana da su a can, mun yanke ita za a ɗauka. Ni na yarda da hakan, kuma ni ya kamata in faɗa maka."

Arvid ya janye robar daga bakinsa. "Wace ce?"

Likitan ya dubi Verna. Verna ta ce, "Tessa ce. Ta gidan Brandt."

"Mai jan gashin nan? Ni na gyara wa ubanta injin girbi." Ya ja numfashi. "To. Ko ni ne kai, haka zan yi. Je ka, likita."

Likitan ya fita. Verna ta mayar masa da robar. Ta ɗauka ya yi barci, sai ta ga ruwa yana gangarowa daga gefen idonsa yana shiga kunne.

"Verna."

"Ina ji."

"Ni ma fa ina so in rayu."

Sai ta sa gefen mayafin gadon ta share masa kunnen.

Sun ji saukar jirgin a filin bayan asibiti, gilashin taga yana karkarwa. Sun ji tashinsa. Arvid ya bi ƙarar da ido a rufin ɗaki har ta ɓace.

Da Verna ta mayar da ido kan allon, jar lambar tana sittin da ɗaya. Ta ƙifta ido. Hamsin da takwas. Na'urar ta fara kuka, irin wanda ba ta taɓa yi ba, mai sauri. Ta danna maɓallin kira, ta fito baranda.

"Jovelyn! Jovelyn!"

Shauna ce ta fito daga wani ɗaki da safar hannu. Ta zo ta tsaya gaban injinan ƙarin ruwa da aka jera a sanda ɗaya, hannunta yana shawagi a kansu.

"Wanne ne na jinin? Ban sani ba ko an yarda in ƙara. Ban san iyakarsa ba."

"Ƙara mana, 'yar nan!"

"In na yi kuskure zan iya kashe shi, Misis Hudema!"

Ta ɗauki waya ta kira ƙasa, tana kuka tana karanta lambobi. Hamsin da biyu. Arvid yana magana, amma ba da su ba, yana cewa a miƙo masa sifana mai lamba goma. Verna ta riƙe ƙafarsa ta cikin bargo, don nan ne kaɗai babu waya.

Jovelyn ta faɗo ɗakin tana haki, takalmanta da jinin Tessa. Yatsunta suka bi injinan ba tare da ta duba ba. Likita ya biyo ta. Aka ce Verna ta fita. Ta tsaya a baranda gaban ɗaya daga cikin ɗakunan da ke rufe, tana kallon gadon da ba kowa ta cikin gilashi. Da aka ce ta dawo, an zura wa Arvid tiyo a maƙogwaro, inji yana ɗaga ƙirjinsa yana saukewa. Jakar ledar da ta ɗaure masa tana kan kujera, wani ya matsar da ita.

Kirsten ta isa birni ta tarar babu ubanta, ta juyo. Da ta iso washegari da hantsi, jakar fitsarin babu ko ɗigo. Fuskar Arvid ta kumbura, yatsun ƙafarsa sun yi baƙi. Ta tsaya a ƙofa da akwatinta ta ce, "Wannan ba Baba ba ne," sannan ta saki akwatin.

Dakta Naidoo ya kai su ɗan ɗakin da ke da kujeru masu laushi da kwalin hankicin takarda.

"Sun kira ɗazu," ya ce. "Akwai gado."

Kirsten ta miƙe. "To me muke jira?"

"Ba zai kai ba. Ƙodarsa ta tsaya, hantarsa ta bi. Maganin jini ya kai ƙarshen abin da ake iya bayarwa. In muka ɗaga shi daga gadon nan, a cikin lif zai tafi, ko a sama, tsakanin baƙi. Ko sun cire tsakuwar yanzu, ba abin da zai dawo."

"Jiya fa? Jiya da zai kai?"

"Jiya, wataƙila."

Kirsten ta zage shi. Ta zagi asibitin, da gwamnati, da garin da ta ce tun tana yarinya ta san kashe mutane yake a hankali. Wayar da ke aljihun likitan tana ta kuka. Da ta gaji, ta juyo wajen Verna.

"Anti, da Baba zai iya magana, me zai ce?"

Verna ta tuna abin da Arvid ya faɗa mata jiya. Ta dubi yarinyar, idanu jawur, rigar tafiya a yamutse. Ta haɗiye maganar.

"Zai ce a cire masa tarkacen nan, ya gaji."

Da rana ta karkata, Jovelyn ta wanke masa fuska, ta taje masa gashi, ta shafa masa mai a leɓe. Ta danna wani abu a na'urar, ta juya allon ya kalli bango.

"Yanzu shi za ku kalla," ta ce.

Verna ta rasa inda za ta sa idonta. Kwanaki tana kallon lamba, har ta manta yadda gashin girarsa yake tsaye kamar na mujiya. Kirsten ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Aka kashe injin. Ya ja numfashi da kansa, ya sake ja, da tazara mai tsawo a tsakani. A ɗakin da ke kusa wata ƙararrawa ta tashi. Jovelyn ta runtse ido, ba ta motsa ba, har sai da ta sa abin saurare a ƙirjinsa, ta daɗe, ta gyaɗa musu kai. Sannan ta fita da gudu.

Verna ta same ta daga baya a bakin matakala, zaune, tana cin busasshen biskit daga leda.

"Tessa fa?"

"An ce tana da rai. Ba su san ƙafafun ba tukuna." Ta kakkaɓe gari daga cinyarta. "Mama, ƙarshen wata zan tafi. Na samu aiki wajen ƙanwata, a asibitin ido. Ba mai mutuwa a can. In na tafi, na ji an ce rufe hawan nan za a yi gaba ɗaya."

"Mu kuma fa?"

Jovelyn ta miƙa mata ledar biskit. Verna ta ɗauki ɗaya ta riƙe.

Kirsten ta tsaya jiran mutanen gidan jana'iza, Verna ta koma gida ita kaɗai. Motocin alkama suna ta wucewa a babban titi, kamar kullum. Ta ajiye mota, ta zagaya ta baya don ta duba ko ƙofar Arvid a kulle take.

Shanyarsa tana kan igiya. Wanduna biyu na aiki, riga mai gidan dara, tawul, da safa da ya maƙale ɗaya-ɗaya. Ruwa ya dake su, rana ta busar, sun ƙandare kamar fata. Ta shiga cire su, tana zuba maƙalan a aljihun rigarta. Ta ninke wandunan a kan layinsu yadda yake so, ta haɗa kowace safa da 'yar uwarta, ta ɗora tawul a sama.

Ta hau matakalar bayan gidan da kayan a hannu, ta tsaya gaban ƙofa. Sai ta juya ta zauna a kan matakalar, ta ɗora su a cinya, ta dafe da hannu biyu don kada iska ta ɗauke.